Ra'ayi: Kafin ka aiko wa ƙanenka kyamara zuwa Yekuwa, ka yi wannan lissafin

Duk wanda ya san yankin Magaria da Dungass ya san cewa jarin da matasa da yawa ke fara sana'a da shi daga aljihun yaya ko kawu yake fitowa, wanda ya tafi biɗa Libiya, Aljeriya, Legas ko wuraren haƙar zinariya na arewacin Agadez. Da irin wannan kuɗi ake sayen babur na kabu-kabu, injin niƙa, ko farantin sola na cajin waya. Yanzu kuma kyamara ta shiga jerin abubuwan da ƙanne ke roƙo a aiko musu, domin biki da suna da hawan sallah da taron ƙungiyoyi duk sun zama abin da ba a so ya wuce ba tare da hoto da bidiyo ba.

Roƙo ne mai ma'ana. A gari kamar Yekuwa, ƙaramar hukumar karkara da ke gundumar Magaria a kudancin jihar Damagaram, kusa da iyakar Najeriya, sana'ar hoto na iya riƙe saurayi a gida a lokacin rani, maimakon shi ma ya ɗauki jaka ya bi hanyar hamada. Sai dai kuɗin da za a kashe gumi ne na watanni, wani lokacin na shekara guda, kuma kyamara na cikin kayan da aka fi yi wa mai saye rufa-ido a kansu.

Ra'ayina shi ne, ga mai ƙaramin ƙarfi, kyamara mai araha ita ce wadda za ta jure ƙura da zafi da rashin wutar lantarki, kuma ta mayar da kuɗinta. Idan aka auna da wannan ma'auni, tsohuwar kyamarar sanannen kamfani da aka saya ta hannu, bayan an gwada ta sosai, ta fi sabuwar da ba a san asalinta ba, komai ƙyallin kwalinta. Akwai ma lokacin da gaskiyar magana ita ce kada a sayi kyamarar kwata-kwata.

Tambayar farko: me waya ta kasa yi?

A shekarar 2010, kamfanonin da ke cikin CIPA, ƙungiyar masu ƙera kyamara da ke Japan, sun fitar da kyamarori kusan miliyan 121 zuwa kasuwannin duniya. A 2023 adadin bai kai miliyan 8 ba. Wayar hannu ce ta cinye kasuwar, musamman ta ƙananan kyamarorin aljihu. Mu ma a nan haka abin yake. Wayoyin Tecno da Infinix da itel, waɗanda duk na kamfanin Transsion ne na China, sun cika hannun matasa, kuma kamfanin ya yi suna wajen daidaita kyamarar wayoyinsa domin ta fito da baƙar fata yadda ya kamata.

Saboda haka, idan burin ƙanenka shi ne ya ɗauki gajeren bidiyo ya saka a TikTok ko Facebook, ko ya tallata kayan shagonsa a WhatsApp, waya mai kyau ta wadatar. Ƙara mata ƙaramin makirfo na maƙalawa a riga da sanda mai ƙafa uku ya fi masa amfani a kan kyamarar da za ta ƙare a cikin akwati.

Kyamara tana nuna fifikonta ne a wurare sanannu. Na farko, inda haske ya yi ƙaranci, kamar cikin ɗakin amarya ko wurin taron dare da ƙwan sola ɗaya ke haskawa. Na biyu, inda abin ɗauka ke nesa ko yana gudu, kamar dawaki a hawan sallah, filin kokowa ko wasan ƙwallo. Na uku, inda za a wanke hoto babba a saka a bango. Na huɗu, inda aikin zai ɗauki yini guda, wanda waya za ta yi zafi ko cajinta ya ƙare, ga kira na shigowa a tsakiyar ɗauka. Idan aikin da ake nufi bai shiga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, a ajiye kuɗin.

Tarkon megafiksel

Abin da ɗan kasuwa ke fara nuna wa mai saye shi ne lambar da ke jikin kwali: megafiksel 48, megafiksel 64, bidiyo 4K. Kasuwanni da shafukan sayar da kaya cike suke da ƙananan kyamarori marasa sanannen suna, masu nauyin kwalin ashana, ɗauke da irin waɗannan lambobi a kan farashin da bai kai na matsakaiciyar waya ba. Da yawansu ƙaramin hoto suke ɗauka, sai manhajar ciki ta buɗa shi ya yi girma, kamar a ƙara wa kunu ruwa a ce ya yi yawa. Lambar ta ƙaru, ingancin yana nan inda yake. Hausawa sun gama magana da suka ce araha ba ta ado.

Ga lissafin da kowa zai iya yi. Hoton da aka saba wankewa na santimita 10 da 15, idan ana son ya fito tsaf, megafiksel 2 da 'yan kai yake buƙata. Hoto mai girman takardar A4 bai kai megafiksel 9 ba. WhatsApp da Facebook kuwa matse hoto suke yi su rage masa nauyi kafin ya isa ga mai kallo. Ke nan kyamara mai megafiksel 14 ko 18 ta gaskiya ta ishi duk aikin da mai hoton gari zai yi.

Abin da ya kamata a tambaya shi ne girman sensa, wato ɗan farantin da ke cikin kyamara wanda haske ke sauka a kansa ya zama hoto. A ƙananan kyamarorin aljihu faɗinsa kusan milimita 6 ne da 4 da rabi. A manyan kyamarori masu canjin madubi, waɗanda ake kira DSLR, na masu fara koyo ma yana kai kusan milimita 23 da 15. Filin na biyun ya ninka na farkon fiye da sau goma. Kamar tarbar ruwan sama ne: wanda ya ajiye baho ya fi wanda ya ajiye kofi samu. Shi ya sa tsohuwar DSLR ta shekara goma ke fitar da fuskar amarya sarai a ɗaki mai duhu, inda sabuwar mai manyan lambobi ke fitar da dusu-dusu.

Da tsohuwar zuma ake magani

Faɗuwar kasuwar kyamara ta zo wa talaka da wata dama. Manyan kamfanoni sun karkata zuwa sabon samfuri marar madubin ciki, masu hali a Turai da Amurka da ƙasashen Larabawa suna sauya kaya, tsofaffin DSLR kuma suna kwararowa kasuwar kayan hannu. Ga kaɗan daga cikin waɗanda suka cancanci a duba, da abin da ya bambanta su.

A ɓangaren Nikon akwai D3100 ta 2010, D3200 ta 2012, D3300 ta 2014, D3400 ta 2016 da D3500 ta 2018. Mai saye zai ɗauka cewa ta baya-bayan ita ce ta fi a komai, amma D3200 da D3300 suna da ramin saka makirfo, alhali an cire shi a D3400 da D3500. Ga wanda zai ɗauki wa'azi, hira ko jawabin taro, wannan rami ya fi ƙarin megafiksel muhimmanci, domin mutane na haƙuri da hoto mai ɗan rauni amma ba sa haƙuri da muryar da iska ta cinye. An kuma cire na'urar kakkaɓe ƙura daga kan sensa a D3400, abin da mazaunin Sahel bai kamata ya raina ba. A ɗaya gefen, D3500 ta fi su riƙe caji nesa ba kusa ba.

A ɓangaren Canon, 600D ta 2011 tana da megafiksel 18, da allo mai juyawa, da ramin makirfo, haka ma 700D da ta biyo baya. Su kuwa 1200D da 1300D da 2000D da 4000D ba su da ramin. Suna fitar da hoto mai kyau, amma mai son bidiyo ya san da wannan kafin ya biya.

Akwai kuma Sony a6000 ta 2014, ƙarama marar nauyi, mai saurin kama abin da ke motsi, wadda ake iya caja da wayar USB kamar wayar hannu. Rauninta shi ne shan batir.

Wani abin da 'yan kasuwa ba sa faɗa shi ne, akasarin waɗannan kyamarori ba sa wuce minti 30 a ɗaukar bidiyo guda, wasu ma tun kafin nan suke tsayawa sai an sake latsawa. Wanda aikinsa shi ne ɗaukar tafsiri ko taron awa biyu ba yankewa, kyamarar bidiyo ta hannu daga sanannen kamfani ta fi dacewa da shi.

Sannan madubi, wanda masu sana'ar ke kira lens. Yawanci ana sayar da kyamarar da madubi mai lamba 18-55, kuma ya isa a fara da shi. Idan kuɗi ya samu daga baya, madubi mai lamba 50mm f/1.8 na cikin mafi araha, kuma yana shigar da haske ninkin-ba-ninkin na farkon. Mai Nikon ta wannan jeri ya tabbatar madubin na ɗauke da alamar AF-S, domin tsofaffin da ba su da injin saiti a jikinsu ba za su daidaita hoto da kansu a kanta ba.

Wuta, ƙura da zafi

Mai zaune a Tripoli ko Legas yana iya mantawa da yadda caji yake a ƙauyukanmu. Da yawa daga cikinsu ba su da layin NIGELEC, sai shagon mai sola ko janareta. Ko manyan garuruwa sun ɗanɗana kuɗarsu a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take bai wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Don haka yawan hoton da batir ke ɗauka kafin ya mutu ba ƙaramin zance ba ne. A ma'aunin kamfanonin, D3500 na kai hoto 1,550 da caji ɗaya, D3300 na kai 700, a6000 kuwa kusan 360. Batirin da ya tsufa ba zai kai haka ba. Duk wadda aka zaɓa, batir biyu shi ne mafi ƙaranci, a haɗa da caja mai aiki da USB wadda za a iya jonawa a sola ko a batirin ajiya. A kuma guji kyamarar da batirinta ba ya samuwa a Damagaram ko Kano, domin ranar da ya mutu ita ma ta mutu.

Ƙura ita ce abokiyar gaba ta biyu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na shigar da ita ko'ina. Duk lokacin da aka cire madubi a fili, ƙura na iya sauka a kan sensa, sai a riƙa ganin baƙaƙen ɗigo a wuri ɗaya a kowane hoto. Maganinsa mai sauƙi ne: a canja madubi a cikin ɗaki, bakin kyamara na kallon ƙasa, a sayi ɗan famfon roba na hura iska, kada a hura da baki, kada a goge madubi da gefen riga. Jaka mai zik da ƙaramin gilashin kariya a gaban madubi ba su da tsada, amma suna ƙara wa kaya shekaru.

Na uku zafi. Littafin bayanin yawancin kyamarori na cewa an yi su ne su yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 40. A watannin Afrilu da Mayu zafin Damagaram kan wuce haka. Kyamarar da aka bari a rana ko a akwatin babur tana lalata batirinta, kuma tana iya kashe kanta a tsakiyar bidiyo.

Lissafin da ya kamata a yi kafin a taɓa kuɗi

A ce abin da aka tara jaka 200 ne, wato kusan Yuro 305 a tsayayyen canjin sefa. Abin da aka fi yi shi ne a zuba duka a kan kyamarar, sai ta iso gida babu memori, babu batir na biyu, babu jaka. Shawarata ita ce kada kyamara da madubinta su ci fiye da kashi 60 cikin 100. Ragowar na batir, caja, memori biyu, fitilar filasha, jaka da ɗan abin da za a ajiye saboda gyara.

Sai babbar tambaya: ta ina kuɗin zai dawo? A karkara, hoton da ke kawo kuɗi kullum shi ne wanda aka riƙe a hannu: ƙananan hotuna na katin ɗan ƙasa, na takardun jarrabawar BEPC da BAC, na katin ƙungiya, da hoton sallah da ake son a ba mutum nan take. Wanda ke da kyamara ba shi da na'urar wanke hoto, sai ya hau babur zuwa Magaria, kuɗin mai ya cinye riba. Akwai ƙananan na'urori irin Canon Selphy, masu fitar da hoton santimita 10 da 15, waɗanda ake sayar da takardarsu da tawadarsu a ƙunshi mai fitar da hoto 108, kuma ana iya saka musu batir. Idan kuɗin bai isa a haɗa biyun ba, kuma aikin da ke garin na ƙananan hotuna ne, to waya mai kyau da na'urar wankewa sun fi kyamara ita kaɗai kawo abinci.

A ƙaddara cewa bayan an cire kuɗin takarda da caji, ribar kowane hoto dala 40 ce, wato sefa 200. Jarin jaka 200 ba zai dawo ba sai an sayar da hoto 1,000. Idan ana sayar da 30 a mako, ana maganar kusan wata takwas. Kowa ya saka farashin garinsu ya sake lissafin, ya kuma tuna cewa bukukuwa sun fi yawa bayan kaka da lokutan sallah, da damina kuwa kowa na gona. Wanda ya yi wannan lissafi ya ga bai fita ba, gara ya sani tun kuɗin na aljihu.

Kada a yi cinikin biri a sama

Mutanen yankinmu sun saba da kasuwannin tsallaken iyaka, daga Maigatari da ke ci ranar Alhamis har zuwa Kano, inda ake samun kayan lantarki a Sabon Gari da titin Beirut, ko Computer Village da Alaba a Legas. Tun da darajar Naira ta faɗi daga tsakiyar 2023, wasu na ɗauka cewa mai sefa zai kwashi garaɓasa. A kan kayan da aka shigo da su daga waje abin ba haka yake ba, domin ɗan kasuwa da dala yake lissafi, farashinsa na tashi tare da ita. Rufe iyakar da aka yi daga 2023 zuwa Maris na 2024 ya kuma koya mana cewa mayar da kaya ga mai shago a wata ƙasa ba abin dogaro ba ne. Gwajin da za a yi, a yi shi kafin a biya.

A tafi da memori na kai. A ɗauki farar takarda ko sararin sama a duba ko akwai ɗigon ƙura ko layi. A haska madubi da tocila a ga ko akwai ƙarce ko wani abu mai kama da saƙar gizo-gizo a ciki. A gwada kowane maɓalli, a ɗauki bidiyo na minti goma a ga ko za ta yi zafi ko cajin ya zube. A tambayi adadin hotunan da ta taɓa ɗauka, domin ƙyauren da ke buɗewa ya rufe a kowane ɗauka yana da iyaka, kuma a ƙananan Nikon an gwada shi ne a kan kusan 100,000. Nikon na rubuta wannan adadi a cikin bayanan kowane hoto, akwai kuma shafukan intanet da ke karanta shi kyauta. Mai shagon da ya hana a gwada ya riga ya ba da amsa.

Memori ma ana yin na jabu, a rubuta babban adadi a jiki alhali cikinsa kaɗan ne. Ba a gane shi sai ranar da hotunan bikin mutane suka ɓace, kuma babu abin da ke kashe sunan mai hoto a gari kamar wannan. Manhajar H2testw ta kwamfuta na tona asirinsa. Wanda zai taho da kaya ta jirgi kuma ya sani cewa batiran ajiya a jakar hannu ake saka su.

Za a ce kayan hannu ba su da garanti, kuma gaskiya ne. Amma garantin da ofishinsa ke Dubai ko Faransa bai amfani mazaunin Yekuwa da komai ba. Garantinsa na zahiri shi ne samfurin da masu gyara a Kano da Damagaram suka sani, wanda batirinsa da cajarsa da madubinsa ke samuwa a kusa. Shi ya sa ya kamata a tambayi masu hoton Magaria abin da suke riƙewa kafin a yanke shawara.

Abin da kuɗi ba ya saye

Seydou Keïta na ƙasar Mali, wanda hotunansa ke rataye a manyan gidajen tarihi na duniya, ya fara ne da ƙaramar Kodak Brownie da kawunsa ya kawo masa tsaraba daga Senegal a 1935. A 1948 ya buɗe wurin ɗaukar hoto a Bamako, yana aiki da hasken rana da zanen da yake ratayawa a bayan mutane. Tsarabar matafiyi ce ta buɗe masa hanya, amma shekarun da ya yi yana koyon haske da tsayuwar mutum su suka mai da shi abin da ya zama. Yayan da zai aiko da kyamara ya ware wani abu domin ƙanen ya zauna wata biyu ko uku a hannun wanda ya iya, a Magaria ko Damagaram. Kuɗin koyo na cikin kuɗin kyamara.

A cikin abin da zai koya har da amana. Mai hoton biki na shiga inda sauran maza ba sa shiga, kuma hotunan matan mutane na zama a memorinsa. Hoto ɗaya da ya fita zuwa Facebook ba da izini ba na iya raba aure, ya kuma rufe masa ƙofar kowane gida a garin. Haka nan a yankin iyaka, ɗaga kyamara kusa da shingen jami'an tsaro ba tare da izini ba neman fitina ne.

Yankinmu na da abin ɗauka: itatuwan gawo da manoma suka raya a gonakinsu har masu bincike daga ƙasashen waje ke zuwa gani, rake da kayan lambu na fadamun Korama, kasuwannin dabbobi, da fuskokin dattawan da ba a taɓa ɗaukar hotonsu ba. Yawancin hotunan da duniya ke gani na wannan yanki baƙi ne suka ɗauka, galibi a lokacin yunwa ko annoba. Saurayin da ya samu kayan aiki daidai da garinsu zai ci abinci, zai kuma bar wa na baya abin da za su gani. Don haka idan ƙanenka ya bugo waya yana roƙon kyamara, kafin ka tambaye shi wace iri yake so, ka tambaye shi wa zai ɗauka, a ina zai yi caji, a ina zai wanke, kuma nawa za a biya shi. Amsoshinsa su za su gaya maka abin da za ka saya.